Ustaz Salih da Masu Jita Huɗu

Yayana Salih ya dawo Mai Wurno a bayan motar ɗaukar albasa, 'yan watanni bayan yaƙi ya ɓarke a Khartum. Jakar leda guda ce a hannunsa. Ni na buɗe masa ƙofa, na leƙa bayansa ina neman matarsa Hanaa, ban gan ta ba.

Ya ce, "Ramla, akwai ruwa?"

Na kawo masa, ya sha, ya ajiye kofin a ƙasa. Sannan ya ce Hanaa ta rasu. Ta fita sayen burodi da safe, wani abu ya faɗo a kan layin masu jira, ita da mutane da yawa ba su tashi ba. Ya faɗi wannan kamar mai bayanin hanyar da motarsu ta biyo. Ni na yi kukan. Shi kuwa ya zauna a kan angareb, gadon igiyar da ke tsakar gida, yana kallon ƙafafunsa har na gama.

Salih malamin jita ne. A gidanmu wannan ba sana'ar da ake faɗa da ƙarfi ba ce. Baba manomi ne, yana noman dawa da albasa a bakin kogi, kuma kakansa na cikin waɗanda suka taso daga ƙasar Sakkwato da ƙafa suka zauna nan. A wurinsa kiɗa aikin maroƙa ne. Salih ya fara taɓa jita a makarantar sakandare a Sennar, a hannun wani malaminsu. Da ya gama ya ce wa Baba zai tafi Khartum karatun malanta. Bai yi ƙarya ba, sai dai bai faɗi malantar me ba. Da Baba ya sani, shekara guda bai karɓi gaisuwarsa ba. Daga baya ya karɓa, amma idan baƙo ya tambayi aikin ɗansa, sai ya ce, "Malami ne," ya kawo wata magana.

Abin da Salih ke koyarwa ba kiɗan biki ba ne. Tsofaffin kiɗe-kiɗe ne na ƙasar Turawa, waɗanda aka rubuta a takarda tun da daɗewa, babu mai waƙa, babu ganga. Shi aikinsa ya ɗauki kiɗa ɗaya ya raba shi gida huɗu, ya ba kowane ɗalibi kasonsa, sannan ya haɗa su har su tashi kamar hannu ɗaya ne ke yi. Na taɓa zuwa wurinsu a Bahri, ɓangaren Khartum da suke zaune, na ga yadda yake yi, a wata ƙaramar makaranta da ke saman kantin magani. Mutum ne mai hayaniya a lokacin. Yana tsalle, yana buga ƙafa, yana kama kansa idan wani ya kuskure, yana dariya har ya riƙe ciki. Gumi ya jiƙa masa riga. Faratan hannunsa na dama dogaye ne, da su ake taɓa tsirkiya, kuma yana kula da su fiye da amarya. Hanaa takan tsokane shi, ta ce ta auri mijin da ba ya iya ɓare mata albasa.

Washegarin dawowarsa ya ari reza ya yanke faratan, ya ɗauki fartanya ya bi Baba gona.

Daga nan ya zama mutumin "to". A ce Salih ga abinci, ya ce to. A ce Salih an kira salla, ya ce to. A ce ka je ka buɗe ruwa a gonar albasa, ya je ya buɗe, ya tsaya a wurin har sai an aika a ce ya rufe. Ba ya ƙin magana, kuma ba ya fara ta. Masu ta'aziyya suka zo, ya karɓe su, ya amsa addu'a, ya raka su bakin ƙofa. Ban ga hawayensa ba. Na ce wa Baba abin nan ya fara ba ni tsoro. Baba ya ce, "Ku bar shi. Yana ci, yana salla. Ku bar shi."

Da garin Madani ya faɗa cikin yaƙin, mutane suka kwararo kudu. Makarantar 'yan mata da nake koyarwa, wadda da ma a rufe take, ta cika da 'yan gudun hijira, kowane aji gida biyu ko uku, an raba da zannuwa. Mu matan unguwa muka kafa takiya, wato girkin taro, a tsakar makarantar. Kullum adas, wani ƙaramin wake da ake miya da shi, da kisra, gurasar dawa marar kauri, wani lokaci adas kaɗai.

A layin karɓar abinci wani saurayi dogo ya ji an kira ni Ramla 'yar'uwar Salih. Ya ajiye kwanonsa ya tambaye ni da Larabci ko Salih ɗin mai jita ne. Sunansa Ayman, ɗalibin Yaya ne tun Bahri. Ya gudu daga Khartum zuwa Madani, daga Madani zuwa nan, kuma duk tafiyar jitarsa na rataye a bayansa, ko kayan sawa bai ɗauko kamar yadda ya ɗauko ta ba.

Na kai shi gida da la'asar. Ya rungume Salih yana kuka. Salih ya dafa kafaɗarsa ya jira ya gama.

Ayman ya ce, "Ustaz, zaman nan zai kashe mu. Tun safe har dare ba abin da muke yi sai sauraren labarin wanda ya mutu. Akwai jita uku a ɗakin ajiyar wata ƙungiyar matasa a Sennar, sun ce in ɗauka. Akwai masu so. Ka koya mana."

Salih ya ce, "To."

Ban ji daɗi ba, ban kuma ji haushi ba. Na san da an ce masa ya zo ya kwashe shara a makarantar, amsar da zai ba da ke nan.

Jita ukun suka iso a saman hafila, ƙaramar motar hayar da ke zuwa Sennar, kura ta rufe su, biyu babu ƙananan tsirkiyoyi. Salih ya duba su ba tare da ya ɗauka ba, ya ce wa Ayman ya je bakin kogi wurin masunta ya samo zaren kamun kifi, mai kauri da marar kauri. Da shi aka ɗaura. Muryar zaren ba ta kai ta tsirkiyar gaske ba, amma ya yi.

Mutum kusan goma suka fara zuwa. Da suka ga ba waƙar biki za a koya ba, suka ragu zuwa huɗu. Ayman ya ɗauki kaso na ɗaya, mai tafiya a sama. Na biyu aka ba Khadijat, 'yar Madani, wadda take karatun aikin jinya kafin a rufe makarantarsu. Ta ɗan iya jita tun a gida wurin yayanta. Na uku Mustafa, yaro mai shiru, shi ma ɗan Madani. Na huɗu, mai kauri a ƙasa, Kamal ne, ɗan unguwarmu, manomi mai manyan yatsu, wanda ya koyi kaɗa jita da kansa don bikin abokai.

Ɗakin da suka samu shi ne ofishin malamai, tagarsa na kallon murhunmu, don haka kusan duk darasin a kunnena aka yi. Babu takardun kiɗa, duk sun tsaya a Bahri. Salih ya riƙa rubuta kason kowa a allo da alli, daga ka. Wanda bai iya karantawa ba, sai ya rera masa da baki, a hankali, har ya kama. Bai taɓa ɗaukar jita ba. Yana zaune a kan tebur da guntun sanda, yana buga lokaci. Babu tsalle, babu dariya. Maganarsa ba ta wuce 'yan kalmomi.

"Daga farko."

"Ayman, ka yi gaba ka bar su."

"Kamal, ba shara kake yi ba. Tsirkiya ɗaya, yatsa ɗaya."

Kamal ya sha wahala. Kasonsa a hankali yake tafiya, ya taɓa ɗaya ya jira, ya taɓa ɗaya ya jira, shi kuwa hannunsa ya saba da kaɗawa gaba ɗaya. Wata rana ya ajiye jitar a cinya ya ce da Hausa, "Ustaz, ni fa wannan ba kiɗa nake yi ba. Ko jariri zai iya."

Salih ya ce, "Ku ukun nan, ku yi ba shi."

Suka yi. Ni da ke gyaran adas a waje na ji bambancin, kamar an ɗora rufi ba ginshiƙi. Kamal ya ɗauki jitarsa.

Ayman kuma matsalarsa ya fi su iyawa, kuma ya sani. Yakan ɗaga murya ya danne kowa. Salih ya sa shi ya juya kujerarsa ya fuskanci Mustafa, ya ce idan ba ya jin Mustafa to ya yi ƙarfi da yawa. Ya hana su ƙirga ɗaya, biyu, uku kafin su fara. Ya ce su kalli Ayman, idan ya ja numfashi su ja tare da shi, idan ya sauke su fara. Sun daɗe suna wannan kaɗai, mutum huɗu a zaune suna numfashi, har matan takiya suka fara tambayata ko magani ake koya musu.

Ita Khadijat, a tsakiyar kiɗan akwai wuri mai tsawo da ba ta yin komai, sai ta zauna hannunta a kan tsirkiya tana jira, sannan ta shigo daidai kan gaɓa. Kullum sai ta yi sauri ko ta makara. Daga baya ta gano dabara da kanta: akwai wata 'yar hawa da Mustafa ke yi gab da shigarta, idan ta ji ta sai ta shigo. Tun daga ranar ba ta sake kuskure ba.

Ranar da suka fara yin kiɗan daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe, hannuna na cikin ruwan wanke-wanke. Na tsaya haka nan. Abin ba ya kama da komai da na saba ji. Wannan ya fara, wancan ya bi shi da irin maganarsa, na uku ya ratsa tsakaninsu, Kamal na riƙe da su a ƙasa. Da suka gama Khadijat ta rufe baki da gyalenta, Ayman ya buga tafi shi kaɗai. Na leƙa ta taga na kalli fuskar Yaya. Yana goge alli daga yatsunsa.

Ya ce, "Tamam, ya yi. Gobe mu ɗauki na gaba."

A hanyar gida na tambaye shi, "Yaya, ba ka ji daɗinsa ba?"

Ya ce, "Na san daidai ne. Kunnena ya gaya mini daidai ne. Amma kamar in ce miki bangon can fari ne, Ramla. Iyakarta ke nan."

Da damina faɗan ya matso, aka fara jin manyan bindigogi daga kudu, wajen Singa da Suki. Wasu suka sake ɗaure kaya suka yi gaba. Mustafa yana da kawu a wani ƙauye kusa da Suki, tsoho marar lafiya, uwarsa ta damu. Ya ce zai je ya ɗauko shi. Ya jingine jitarsa a kusurwar ofishin, ya ce wa Kamal kada ya bari yara su taɓa. Bai dawo ba. Wayarsa ta daina shiga. Wani ya ce ya gan shi a hanyar Gadarif, wani ya ce an tare motarsu. Har yau ba mu san gaskiya ba. Uwarsa ta zauna a makarantar tana jira, kullum a bakin ƙofar shiga, da kwanonta a gefe.

Da aka gaya wa Salih, ya ce, "Allah ya bayyana shi." Sannan ya ce wa sauran su zauna, a fara.

Suka ci gaba su uku. Kiɗan na tafiya, amma duk sanda aka zo wurin shigar Khadijat sai ta ɓace. Salih ya buga mata da sanda, ba ta kama ba. Ya rera mata 'yar hawar Mustafa da baki, muryarsa ta nutse a cikin jita biyun. Ya ce daga farko. Aka sake, aka sake. A ƙarshe ta ɗora hannu a kan tsirkiyoyinta ta ce, "Ustaz, wallahi ba zan iya ba. Sai na ji ta a jita. Idan ban ji ba, kaina ba ya sanin inda muke."

Salih ya kalli kusurwar. Ya sauko daga tebur, ya ɗauko jitar Mustafa, ya goge kurar da hannun rigarsa, ya gyara tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Ya zauna a kujerar Mustafa. Na bar juya tukunya. Na ɗauka yau abin da ya toshe a ƙirjinsa zai buɗe.

Suka fara. Ba shi da farata, hannunsa ya yi kanta saboda fartanya, sautin ya fito a dakushe. Amma bai kuskure ko ɗaya ba. Ya yi 'yar hawar, Khadijat na kallonsa ta manta da kanta.

Ya tsaya ya ce, "Khadijat, kin makara. Daga farko."

Haka ya zama na uku a cikinsu. Idan an gama ya mai da jitar kusurwarta. Bai taɓa kai ta gida ba.

Ayman ne ya matsa a yi wa mutanen makarantar kiɗan. Aka sa wata ranar Juma'a bayan an ci abinci, a ƙarƙashin rakuba, rumfar da muke girki. Aka jera kujeru huɗu. Mutane suka zauna a ƙasa da tabarmi, yara a gaba. Suka ja numfashi tare suka fara. Da farko ana surutu, daga baya aka yi shiru, ko da yake ba zan ce kowa ya gane ba. Wata tsohuwa kusa da ni ta taɓa ni ta ce, "'Yata, yaushe za su fara waƙar?" Na ce babu waƙa. Ta ce, "Ayya," ta ci gaba da saurare. Uwar Mustafa ba ta taso daga bakin ƙofa ba, amma ta juyo.

Sai can na hango Baba tsaye daga nesa, jikin bishiyar nim, da sandarsa. Ban san wanda ya gaya masa ba. Kafin a gama tafi ya tafi.

Da magariba muna zaune a tsakar gida ya ce, "Salih, wagga yarinya, mi ya sa take zama ba ta yin komai, sauran na aiki?"

Salih ya ce, "Wurinta take jira, Baba."

Baba ya ce, "To."

Da hanyoyi suka buɗe mutane suka fara komawa. Ayman na cikin na farko. Ya roƙi Salih su tafi tare, Salih ya ce ya yi gaba tukuna. Bayan wani lokaci Ayman ya bugo waya. Ya ce ya je gidan Salih, babu ƙofa, babu komai a ciki. Kuma akwai wata magana: ana kwashe waɗanda aka binne a cikin unguwa ana mai da su maƙabarta, ana neman dangi su zo su nuna nasu. A ranar na san inda Hanaa take. Lokacin da ta rasu ba a iya kaiwa maƙabarta, maƙwabta suka taya shi suka binne ta a filin ƙwallon unguwarsu.

Na ce zan raka shi, ya ce to. Muka isa Bahri da hantsi. Filin duk tudun ƙasa ne, wasu da guntun katako, wasu da bulo, wasu ba komai. Salih bai yi neme-neme ba. Ya miƙe kai tsaye zuwa gefen da bangon makaranta yake, ya nuna ya ce, "Nan." Masu aikin suka yi aikinsu, ni na koma nesa da sauran mata. Aka kai ta maƙabarta, aka yi addu'a. Ya tsaya har aka gama, ya gode wa kowa da hannu.

Ayman ya ja shi gefe ya ce mai kantin magani ya dawo, ɗakin sama na nan, tsofaffin ɗalibai biyu sun dawo, a sake buɗewa. Salih ya ce, "Kai ka buɗe. Ka iya. Ka dai rage ƙarfi." Ayman ya yi ta roƙo. A karon farko tun dawowarsa na ji Yaya ya ce a'a. Ya ce iyalin Khadijat ba su da inda za su koma, suna Mai Wurno, Kamal ma yana can, kuma an bar su a tsakiyar kiɗa.

A motar komawa, mun wuce Madani, ya juyo ya ce, "Ramla, rannan da ta fita, tufafinta kore ne ko shuɗi?"

Na ce, "Ban sani ba, Yaya. Ba na nan."

Ya ce, "Haka ne." Ya jingina kansa da taga ya yi barci har Sennar.

Yanzu an buɗe makarantarmu, ofishin ya koma na malamai. Su Salih sun koma wani shago da ba kowa a bayan kasuwa, mai shi ya ce su yi amfani da shi kafin ya samu kaya. Khadijat ce ke kaso na ɗaya. Kamal ya ƙi barin na huɗu, ya ce ya saba. An samu wani maɗinki mai suna Jibirin, ya girme su duka, yana koyon na biyu, yana zuwa da zare maƙale a rigarsa. Da safe Yaya yana gona da Baba, da la'asar yana shago. Ba zan ce ya warke ba. Yana ci, yana aiki, idan an yi abin dariya yana jira a gama.

Jiya ya same ni ina gyara takardun ɗalibaina, ya tsaya a kaina ya ce ko a cikin 'yan ajin ƙarshe akwai mai haƙuri, wadda za ta iya zama wuri ɗaya ba ta gaji ba. Ya ce ba sai ta iya komai ba, shi zai koya mata kaso na uku, wanda har yanzu shi ke riƙe da shi. Na ce akwai biyu, amma sai na tambayi iyayensu. Ya ce in fara da wadda gidansu ya fi kusa da kasuwa.